Darasi: Akuya Mai Haihuwar Fari, Daga Ɗaukar Ciki Zuwa Ƙwaryar Tatsa

Da wuya mutum ya ratsa unguwa a Samaru, ko Hayin Dogo, ko Bomo, ko Palladan, bai yi karo da awaki ba. Yawancinsu na mata ne. Da akuya ake fita kunyar kuɗin makaranta, da ita ake sayen magani, da ita ake rage nauyin kayan ɗaki. Sai dai gidajen da ke tatsar awakinsu kaɗan ne ƙwarai. Nonon da muke dama fura da shi na shanun Fulani ne, madarar shayin yara kuwa ta gari ce ko ta gwangwani da ake sayowa a kasuwar Sabon Gari, alhali ga akuya a tsakar gida da hantsa cike. In ka tambayi dalili, amsar da aka fi bayarwa ita ce: "Ai tawa ba ta yarda, harbi take yi."

Gaskiya ne tana harbi. Amma ba a haifi akuya da sanin tatsa ba, koya mata ake yi, kuma lokacin koyon shi ne haihuwarta ta fari. Abin da ta gani daga hannunku a waɗannan makonni, shi za ta riƙe har ta tsufa. Saboda haka wannan darasi zai bi budurwar akuya tun daga ranar barbara har zuwa ranar da za ta tsaya da kanta a tatse ta.

Irin awakin da ke hannunmu

Akuyar da ta fi yawa a ƙasar Zazzau ita ce jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato, a Nijar kuma a ce ta Maraɗi. Ta yi suna a duniya saboda fatarta, wadda fatake suka daɗe suna ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. A Maraɗi an kafa cibiyar kiwon wannan akuya tun 1963, kuma a can shan madararta ba baƙon abu ba ne, musamman ga yara. A nan kusa da mu, cibiyar NAPRI da ke Shika, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana bincike a kan jar akuya da akuyar Sahel mai dogayen ƙafafu.

Jar akuyar da ta samu abinci takan ba da wajen rabin lita a rana, wato cikin ledar ruwan sha ɗaya, na tsawon wata 3 zuwa 4. Irin Saanen, wadda asalinta daga Suwizalan ne, tana iya ba da lita 3 a rana. Wannan bambanci yakan sa wasu su ce to me zai hana a sayo ta waje. Ina ba da shawarar kada mai fara koyo ya yi haka. Akuyar Turai tana da ci, tana da tsada, kuma zafin Afrilu da kaska da tsutsar ciki suna kayar da ita a inda jar akuya ke yawonta lafiya lau. Wanda bai iya da rabin lita ba, lita 3 asara za ta zame masa. Rabin lita kuwa ba abin rainawa ba ne a gidan da ke da yaro ɗan yaye.

Lissafin ciki

A Turai awaki suna da lokacin barbara guda, idan rana ta fara gajarta, shi ya sa haihuwarsu ke zuwa kusan a tare. Namu ba haka suke ba. Tsawon yini a Zariya bai cika canzawa ba, don haka akuyarmu tana neman bunsuru kowane lokaci na shekara, kusan bayan kowane kwana 21 in ba ta da ciki. Cikinta kuma kwana 150 ne, ko ya ragu ko ya ƙaru da kamar kwana 5.

Duk da haka muna da namu lokacin haihuwar, kuma mu muke jawo shi ba da saninmu ba. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, awaki suna ɗaure a turke don kada su yi ɓarna a gona. Da an kawar da amfani sai a sake su, su haɗu da bunsurayen unguwa. Ku ƙirga da kanku: akuyar da aka barbara ranar 1 ga Nuwamba za ta haihu wajen 31 ga Maris. Wannan shi ne lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, zafi ya kai maƙura. Uwa tana buƙatar abinci fiye da kowane lokaci, abincin kuma babu. Da an kai ta wurin bunsuru a farkon Yuni, da ta haihu a ƙarshen Oktoba, cikin kaka, ga harawar wake da ta gyaɗa sabuwa, ga dusa ta yi araha, sanyin hunturu bai riga ya kankama ba. Wanda ke son madara ya kamata ya zaɓi ranar barbara da kansa, kuma ya rubuta ta.

Akwai wani abin da ya fi wannan ciwo. Budurwar akuya tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, tun ƙashinta bai yi ƙwari ba. Irin wannan ce ke shan wuyar naƙuda, ta haifi ɗan tsurut, ta tsumbure, hantsarta ba ta taɓa cika ba. A tsare ta daga bunsuru har ta kai wata 8 zuwa 10, ko kuma ta kai kashi biyu cikin uku na girman uwarta. A kuma guji ubanta ko ɗan'uwanta ya hau ta.

Makonni 6 na ƙarshe

Mafi yawan girman ɗan da ke ciki a cikin makonni 6 na ƙarshe yake yin sa. A daidai lokacin kuma hantsa ke ginuwa, ita uwar kanta ba ta gama girma ba. Ga shi ɗan ya matse tumbinta, ba ta iya cin ciyawa mai yawa. Saboda haka abincin wannan lokaci ya zama kaɗan mai amfani: harawa mai ganye, ƙowar wake, 'ya'yan gawo in ana samu, da dusa haɗe da ɗan ƙuli-ƙuli ko dusar angurya. A fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa har ya kai gram 200 zuwa 300 a rana, a raba safe da yamma. Kada a tashi rana ɗaya a zube mata tulin hatsi ko ragowar tuwo, cikinta zai kumbura, yana kuma iya kashe ta. A ajiye mata gishirin lasa da ruwa mai tsabta. A tsince ledoji daga inda take, domin akuyar da ke jin yunwa tana cin leda, ledar kuma ba ta narkewa, sai ta cushe tumbi akuya ta yi ta ramewa ana cewa ciwo ne.

In mai tsohon ciki ta daina ci, ta yi sukuku, ta ware kanta, tana tangaɗi, kada a jira gobe. Sau da yawa alama ce ta cewa tagwaye sun cinye ƙarfin jikinta, kuma wannan yana kisa cikin 'yan kwanaki.

Allurar rigakafin PPR, annobar nan mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, gara a yi ta tun kafin barbara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta, kuma allura ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara 3. Uwar da aka yi wa tana ba ɗanta kariya ta cikin nonon farko. Maganin tsutsa kuwa a tambayi likitan dabbobi kafin a ba mai ciki, don akwai wanda ke lahani ga ƙaramin ciki. Ku riƙa jan fatar idonta ta ƙasa kuna dubawa: in ja ce, jini ya wadata, in ta yi fari, tsutsa na shan jininta.

Yanzu ga babban aikin, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Koyon tatsa tun kafin haihuwa ake fara shi. Ku zaɓi wuri guda a gida, mai inuwa, nesa da bunsuru da kare da hayaniyar yara. In akwai hali, kafinta ya haɗa ɗan dandamalin katako mai tsayin gwiwa. In babu, dakali ma ya isa. Kullum da safe, a lokaci guda, ku kai ta wurin, ku ɗaure ta da gajeriyar igiya, ku ajiye mata dusarta a gaba. Kada a ba ta dusa a wani wuri sai nan. Tana ci kuna shafa wuyanta da bayanta. Bayan kwana biyu ko uku hannu ya gangara zuwa ciki da cinyoyi, daga baya ya kai ga hantsa. Za ta yi tsalle, za ta ɗaga ƙafa, wata ma ta tsuguna. Kada ku janye hannun da sauri, ku bar shi a wurin a hankali har ta natsu, sannan ku ɗauke. In kuka janye duk lokacin da ta yi harbi, kun koya mata cewa harbi yana korar hannu. Minti 5 ya isa. Shafa kawai ake yi a wannan lokaci, ba a matsa kan nono, domin akwai ɗan toshi a bakinsa da ke hana ƙwayoyin cuta shiga, bai kamata a buɗe shi ba sai ɗa ya iso.

Ranar haihuwa

Alamun kusantowa ba su da wuyar ganewa. Hantsa takan cika ta yi ƙyalli, gindin wutsiya ya saki ya yi laushi, kwiɓi ya faɗa, farin yauƙi ya fara fita. Sai ta riƙa kwanciya tana tashi, tana tonon ƙasa, tana waiwayen cikinta da ɗan kuka ƙasa-ƙasa. A share ɗaki, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a tanadi sabulu, da tsumma mai tsabta, da aidin, da sabuwar reza, da fitila.

Yawancin awakinmu suna haihuwa da kansu, kuma taimakon da suka fi buƙata shi ne a ƙyale su. Bayan faya ta fashe, ƙafafun gaba biyu ne ke fara leƙowa, hanci a kansu. Mai haihuwar fari takan ɗan jima fiye da tsohuwa. Amma in ta yi minti 30 tana nishi da ƙarfi babu abin da ya ci gaba, ko kai ya fito babu ƙafa, ko ƙafa ɗaya kaɗai, ko wutsiya ce ta fara, to akwai matsala. Wanda ya iya, ya yanke farce, ya wanke hannu, ya sa safar hannu, ya gyara kwanciyar ɗan, ya ja a hankali zuwa ƙasa daidai lokacin da take nishi. Wanda bai iya ba ya nemi ma'aikacin dabbobi nan da nan. Mu a Samaru muna da gatan da garuruwa da yawa ba su da shi, domin asibitin koyarwa na likitocin dabbobi yana nan cikin jami'a. Kada a ja da ƙarfin tsiya, kada kuma a ɗaura igiya a ce yara su taya.

Da ɗan ya faɗo, a share masa hanci da baki, a ajiye shi gaban uwarsa ta lashe shi. In cibiya ta yi tsawo, a rage ta da reza a bar kamar faɗin yatsa uku, a tsoma ta cikin aidin har gindinta. Wannan ɗan aikin yana hana ciwon cibiya da kumburin gaɓoɓi. Mabiyiya takan faɗo cikin 'yan sa'o'i. Ba a jan ta. In ta wuce awa 12 ba ta fito ba, aikin likita ne. In ta fito a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba.

Ina roƙon mata masu juna biyu da ke cikin ajin nan: kada ku karɓi haihuwar akuya, kada ku taɓa mabiyiya ko ɗan da aka yi ɓarinsa. Akwai cututtukan da ke sa dabba ɓari, irin su bakkale, waɗanda ke kama mutum, wasunsu kuma suna iya taɓa cikin mace. Ku sa wani ya yi.

Dakashi

Nonon farko, mai kauri mai ruwan ɗorawa, shi ne dakashi. Ɗan akuya yana zuwa duniya ba shi da kariya daga cuta ko kaɗan, don ba ya samun ta a cikin mahaifa. Duk kariyarsa a dakashi take, hanjinsa kuma yana iya ɗaukarta ne kawai a sa'o'in farko. Kafin kwana ɗaya ya cika ƙofar ta kusa rufewa. Saboda haka ya sha cikin awa ɗaya ko biyu da haihuwa. A ranar farko yana buƙatar kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Ɗan jar akuya yakan zo da kilo 1.5 zuwa 2, ke nan mililita 150 zuwa 200, a sha kaɗan-kaɗan. Ku fara matsa kowane kan nono sau ɗaya ko biyu don toshin ya fita, sannan ku kai bakinsa. Masu zubar da dakashi suna cewa ƙazanta ne, maganin ɗansu suke zubarwa.

Haihuwar hunturu tana da nata haɗarin. Jiƙaƙƙen ɗa a daren Disamba ko Janairu yana sanƙarewa da wuri. Ku sa yatsa a bakinsa. In da sanyi, a fara ɗumama shi a cikin tsumma kusa da jiki kafin a ba shi nono, don wanda ya sanƙare ba ya iya haɗiya, sai ya shaƙe.

Wani lokaci mai haihuwar fari takan ƙi ɗanta. Ta tunkuɗe shi, ta juya masa baya, ta gudu in ya nufi hantsa. Ba mugunta ba ce. Ba ta taɓa ganin wannan abu ba, jikinta na ciwo, hantsarta ta yi tsami. Mu ma ai mun san haka a cikin mutane, shi ya sa ake kai mai haihuwar fari gidan iyayenta wankan jego, a sa mata ido, a nuna mata yadda ake riƙon jariri. Ita ma akuyar a killace ta da ɗanta a ƙaramin wuri na kwana 2 ko 3, babu sauran awaki. A riƙe ta ya sha sau huɗu ko biyar a yini. Da ƙamshi take gane ɗanta, don haka kada a wanke shi, kada yara su yi ta ɗaukarsa suna yawo da shi. Yawanci da nononta ya bi jikinsa sai ta karɓe shi.

Yadda nono ke sauka

Kafin mu kai ga tatsa, ya kamata ku san abin da ke faruwa a cikin hantsa, don shi ne zai hana ku duka. Idan ɗa ya tunkuɗi hantsa ya kama tsotso, ko aka shafa ta da ɗumi, saƙo yana zuwa ƙwaƙwalwa, sai a saki wani sinadari cikin jini mai suna oksitosin. Shi ke matse ƙananan jakunkunan da ke can saman hantsa su turo madara ƙasa. Aikinsa na 'yan mintoci ne, sai ya wuce. Tsoro da zafi kuma suna sakin wani sinadarin dabam da ke tsuke jijiyoyin jini ya tare wa na farkon hanya. Wato akuyar da aka daka wa tsawa ko aka make, ko da ta tsaya, ba za ta saki duk abin da ke hantsarta ba, kuma ba da gangan take riƙewa ba. Wannan ne dalilin da ya sa Bafulatana ke sakin maraƙi ya fara tsotsa kafin ta sa ƙwarya. Za ku iya yin haka da akuya.

Makon farko a wurin tatsa

Nonon kwana 3 zuwa 4 na farko na ɗa ne, ba na gida ba. Amma kada ku fasa kai ta wurin da ta saba. Daga rana ta biyu, ku kai ta da safe tare da ɗanta, a ajiye shi inda take ganinsa, a zuba dusa. Ku wanke hannu da sabulu, ku cire zobe. Ku goge hantsa da tsumma mai ɗumi, ku tsane ta sarai. Ku zauna a gefenta, kafaɗarku na taɓa jikinta, kuna yi mata magana da muryar da ta sani. Mutum ɗaya ya riƙa yi a wannan mako, ba yau uwar gida gobe ɗan aike ba.

Ga yadda ake kamu. A zagaye saman kan nono da babban yatsa da manuni a rufe, don madarar da ta sauko kada ta koma sama. Sannan a matsa da sauran yatsu bi da bi zuwa ƙasa. A saki, ya sake cika, a maimaita. Kan nonon mai haihuwar fari ƙanana ne, yatsa biyu ko uku kawai za su samu wuri. Ba a jan kan nono ƙasa, ba a murza shi, ba a kama naman hantsa. Ja shi ke sa ciwo, ciwo kuma shi ke sa harbi.

A kwanakin farko ba madara kuke nema ba, tsayuwa kuke nema. Ku matsa sau biyar ko goma a kowane gefe, ku daina tun tana tsaye lafiya, tun dusar ba ta ƙare ba, ku kwance ta. Ku riƙe ƙaramin kofi a hannu ɗaya kuna tatsa da ɗayan, kuna juyewa a wani mazubi da ke nesa da ƙafarta, don kada shuri ɗaya ya kwashe aikin safiya ya kuma tayar muku da rai. In tana harbi, wani ya riƙe ƙafar baya a saman gwiwa, riƙo mai ƙarfi amma ba na mugunta ba, ya sassauta da zarar ta daina. In tana tsugunawa, a sa hannu ko gwiwa a ƙarƙashin ƙirjinta. In ta birkice gaba ɗaya, ku dakata hannunku na jikinta har ta lafa, ku ɗan matsa sau biyu, sannan ku sake ta. Kada zaman ya ƙare a kan harbi.

Wata za ta ce, "Malam, ni fa ina da tuwo a wuta da yara 'yan makaranta, ina na ga lokacin lallashin akuya?" Hajiya, minti 10 ne da safe na mako ɗaya ko biyu. Yawancin waɗanda aka saba musu da hannu tun suna da ciki suna natsuwa cikin wannan lokaci, har su riƙa zuwa wurin da kansu in sun ji motsin kwanon dusa. Wadda aka danne da mutum uku a haihuwar fari kuwa, mutum ukun za a yi ta nema duk shekara, daga ƙarshe a haƙura da madarar.

In akuyar da ta riga ta natsu ta dawo tana harbi, ku duba kafin ku zarge ta. Ko farcenku ya yi tsawo, ko kan nonon ya tsage, ko ɗan yana da ƙuraje a baki sun kama ta. Waɗannan ƙurajen suna kama hannun mutum ma, a sa safar hannu.

Rabon ɗa da rabon gida

A nan nake son mu ji tsoron Allah. Mai haihuwar fari ba ta kai tsohuwa madara ba. In ta haifi tagwaye, a bar musu duka. A ci gaba da kai ta wurin tatsa don sabo kawai, ribar sai a haihuwa ta biyu. In ɗa ɗaya ne, a bar shi ya sha yadda yake so har mako 3 ko 4, sai dai a riƙa rage gefen da ba ya sha don kada ya ƙulle. Daga nan, in yana girma da kyau, ya fara taɓa harawa, a raba su da dare, a tatsa da safe, a bar masa saura, su wuni tare. Ma'aunin shi ne ɗan da kansa. Mai ƙoshi cikinsa a cike yake, gashinsa na sheƙi, yana tsalle-tsalle. In ya fara rama, ya tanƙware baya, yana yawan kuka, kun wuce gona da iri, ku rage. Ɗan da ya mutu ko ya tsumbure ya fi madarar wata 3 tsada. Ana yaye shi a wajen wata 3. In ta sake ɗaukar ciki, a daina tatsa wata 2 kafin haihuwa.

Mai shayarwa tana buƙatar ruwa sosai, domin wajen kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Akuyar da ke wuni a turke cikin rana babu ruwa, komai dusar da aka ba ta hantsarta ba za ta cika ba.

Tsabta da ciwon hantsa

Matsi biyu na farko daga kowane gefe a yi su cikin wani baƙin kofi dabam, a duba, a zubar. In aka ga gudaji, ko jini, ko ruwa-ruwa, ko aka ji gefe ɗaya ya yi zafi ya yi tauri, ciwon hantsa ne. Kada a sha wannan madarar, a nemi likita a ranar. In hantsar ta yi sanyi ta fara baƙi, ran akuyar ne a hannu, ba a kwana. Bayan an yi allura ko an ba da magani, akwai kwanakin da ba a shan madarar, suna rubuce a jikin kwalba. A tambaya, a kiyaye. Bayan tatsa bakin kan nono yakan ɗauki kamar minti 30 kafin ya rufe, don haka a zuba mata harawa ta ci a tsaye, kada ta kwanta cikin kashi.

Ƙarnin da ake ƙi a madarar akuya yana iya zuwa daga bunsuru, ko daga gashi da ƙura da mazubi mara tsabta. A nesanta bunsuru, a tace madarar da farin ƙyalle mai tsabta, a ɗora ta a wuta nan take ta tafasa. Ba a shan ta ɗanya, ko da akuyar ta yi kama da mai lafiya, domin bakkale yana bi ta madara. Ba za ta maye gurbin nonon uwa ga jariri ba. Ga yaron da ya haura shekara ɗaya kuwa, abinci ce mai gina jiki a koko ko a kunu.

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya ware shafi ɗaya a littafinsa don akuya ɗaya, tasa ko ta maƙwabta. Ya rubuta ranar barbara in an sani, ya ƙirga kwana 150 ya fitar da ranar da ake sa ran haihuwa, sannan ya koma baya mako 6 ya sa alamar ranar fara ƙarin abinci da shafa hantsa. Wanda akuyarsa ta riga ta haihu ya auna abin da ya tatsa kowace safiya da kofi ɗaya har kwana 7, ya rubuta yadda ta tsaya da yadda ɗan yake. Ku zo da shafin a zama na gaba, tare da farashin damin harawa da mudun dusa a kasuwar da kuke saye, za mu lissafa ko madarar ta biya abincinta.